Dalma a Cikin Lamba Bakwai

Akwai ranakun aiki da mutum ke mantawa tun kafin ya isa gida. Asabar ɗin da Dakta Garba ya rungume ni a filin atisaye ta ƙi mantuwa. Shekara uku ke nan, cikin damina, kuma duk wanda ya tsaya a wurin ran nan ya ɗauka ranar farin cikina ce. Shugabanmu ya ce tsofaffin hannu kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gani a aikin nan saboda ku na baya. Wasu za su rubuta ranar da ogansu ya ci kofi. Ni wannan nake da shi. A aji biyu na sakandare na tsaya, wanda rubutuna bai yi masa ba ya bari.

Sunana Ado. Shekarata ashirin da shida ina kadi a filin golf, wato mai ɗaukar wa ɗan wasa jakar sanduna, in bi shi rami goma sha takwas, in miƙa masa sandar da ta dace, in gaya masa nisa, in nemo ƙwallo in ta ɓace a ciyawa. Ga wanda bai sani ba, mu ma aji-aji ne. Ɗan aji uku ɗaukar kaya kawai ya iya. Ɗan aji biyu ya san nisa da iska. Ɗan aji ɗaya yana iya gyara wa mutum tsayuwa da riƙo, kuma yawanci yana da ogansa na dindindin, ba ya zaman layi da safe yana jiran a zaɓe shi kamar ragon kasuwa. Na kai aji ɗaya tun gashina yana baƙi. Daga nan ban ƙara gaba ba, don kujerar koci takarda take so. Da mai ita ya tashi, sai aka ɗauko wani mai satifiket, wanda ni na fara nuna masa yadda ake riƙe sanda shekarun baya. Koci muke ce masa. Bai yi mini laifin komai ba, amma ban taɓa gaishe shi da zuciya ɗaya ba.

Abu ɗaya na iya koyarwa fiye da kowa a filin nan. Sabon ɗan wasa yana damƙe sanda kamar za a ƙwace masa ita, ya kai wa ƙwallo duka da ƙarfin kafaɗa, ta mirgina taku goma ta tsaya. Sai in tambaye shi ko ya taɓa tsayawa ya kalli mai faskare. Mai faskaren kirki ba ya dukan ice, ɗaga gatari yake yi ya bar nauyinsa ya faɗo. Sandar golf haka take, nauyinta a kai yake, can ƙasa. In ka sassauta yatsu za ka ji kan yana jan hannunka in ka kai baya, ka ji ya ɗan tsaya a sama, ka ji ya juyo da kansa. Wanda ya ji wannan ya yi rabin wasa. Wanda ya damƙe ya kashe jin, ya koma dukan makaho. Nakan sa mutum ya rufe ido ya yi lilo da sanda da hannu ɗaya, yana gaya mini inda kan yake.

Dakta Garba likitan tiyata ne. Ya yi ritaya daga asibitin gwamnati ya buɗe nasa ƙarami a Tarauni, kusa da gidansa. Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar jakarsa, Talata da Asabar. Shi kaɗai ne a membobi yake ce mini Malam Ado, a wurin sauran "kai" ne ko "kadi". In hadari ya taso yakan rage mini hanya har Gyadi-Gyadi, ya sauke ni a bakin layinmu.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi ta hagu. Allah ya taƙaita, bayan wata bakwai ya miƙe yana tafiya, magana ta dawo, ƙarfin hannu ma ya dawo kusan duka. Abin da bai dawo ba shi ne ji a yatsun hagu. Ni kuma watannin nan na koma layi, ina zaune da sa'annin 'ya'yana, ana tsallake ni ana ɗaukar masu saurin ƙafa.

Ranar da ya dawo bai shiga babban fili ba, a filin atisaye muka tsaya. Ya ciro lamba bakwai, sandar da ya fi so, ya riƙe da hagu kaɗai, ya rufe ido ya yi lilo kamar yadda na koya masa.

Ya ce, "Malam Ado, ba na jin komai. Kamar na sa safar hannu uku. Na san ina riƙe da abu ne don na gan shi kafin in rufe ido."

Na ce, "Zai dawo, ranka ya daɗe."

"Kai ma ka zama likita ke nan." Ya yi 'yar dariya, sannan ya tsaya yana kallon hannun. "Ka san wuƙar tiyata ba ta da wani nauyi. Hagu ce ke riƙe nama, ita ke gaya wa dama inda za ta tsaya. Abokan aikina sun ce in haƙura in zauna a ofis ina rubuta magani. Ni kuma na yi wa kaina alkawari. Ranar da hannun nan ya gaya mini inda kan sandar nan yake, ido a rufe, ranar zan koma ɗakin tiyata. Kafin nan ko ɗinki ɗaya ba zan yi ba."

Na ji maganar nan da kunnena. Ba zan ce ban ji ba.

Sati shida muna zuwa, babu labari. Wata rana Koci ya zo ya tsaya a bayanmu, ya ɗauki bidiyo da wayarsa. Bayan Dakta ya tafi ya same ni a rumfar kadi, a gaban kowa.

"Baba Ado, ka daina wahalar da dattijon nan. Jijiya ce ta mutu, ba riƙo ba ne. Labarin gatari ba ya tayar da jijiya."

Rumfa ta ɗauki dariya. Na ce masa kafin damina ta ɗauke Dakta zai ji sanda, in bai ji ba a mayar da ni aji uku. Talatar da ta biyo baya, muna cikin haɗa kaya, Dakta ya ce yana ganin ƙarshen wata zai kai jakar gida ya ba jikansa.

Ku da ke cikin aikin nan kun san abin da muke yi, ba sai na ɓoye ba. Ƙwallon oga ta faɗa gindin ciyawa, ka riga shi isa, ka ɗan taɓa ta da babban yatsan ƙafa ta fito sarari. Ya buga shirme, ka ce iska ce. Ba wanda ya koya mana wannan da baki, amma wanda bai iya ba ba ya daɗewa da oga. A gyara abu a ɓoye, oga ya tafi gida da fara'a, shi ke nan aikin. In ka shekara ashirin kana haka sai jiki ya saba, har ka daina tsayawa ka tambayi kanka ko wannan da za ka taɓa ƙwallo ce ko wani abu ne daban.

Jakar Dakta a ɗakin ajiya take zama, ni ke goge sandunan. Jikin sanda bututu ne, fanko ne ciki. Na saka lamba bakwai a buhu na tafi da ita gida. Akwai mai gyaran taya a bakin titinmu, na karɓi irin dalmar da suke maƙala wa ƙafar mota don ta daidaita, na yayyanka ta ƙanana kamar ƙwayar dawa. Na zare robar riƙo, na zuba dalma ta gangara har wuyan kai, na tura toshiya da doguwar waya don kada ta yi ƙara, na mayar da roba da gam. Masu gyaran sanda suna yin haka, ba sabon abu ba ne. Amma kaɗan suke sawa, kuma da sanin mai sanda.

Ni ma da kaɗan na fara. Talata ya yi lilo ya ce kamar akwai wani abu, can nesa. Sati na gaba na ƙara. Sau huɗu na buɗe sandar nan. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, ban zuba lokaci ɗaya ba. Na bi a hankali ne don abin ya yi kama da sauƙi daga Allah. Mai kuskure sau ɗaya yake yi. Ni zama na yi na tsara.

Za ku ce likita guda, ta yaya bai gane ba. Nauyin a wuyan hannu da kafaɗa yake jin sa, inda jinsa bai mutu ba, shi kuma so yake ya zama a yatsu ne. Kuma ni ke miƙa masa sandar a hannun hagu, ni ke karɓa, dama ba ta taɓa ta. In ya nufi wata sanda a jaka sai in ce mu tsaya a kan guda kada hannu ya rikice. Shekara goma sha huɗu bai taɓa kama ni da abin da zai sa ya duba ba.

Asabar ɗin an yi ruwa da asuba, ciyawa na danshi, mutane da yawa a filin atisaye. Ya rufe ido.

"Yana baya. Ya kai sama. Ga shi ya juyo."

Daidai. Ya sake, daidai. Ya sake na uku, sannan ya saki sandar a ciyawa ya rungume ni, dattijo da furfurarsa, har turarensa ya kama rigata.

"Malam Ado, na ji shi. Alhamdu lillahi, na ji shi."

Membobi suka yi tafi. Koci ya taho ya ba ni hannu ya ce, "Baba Ado, na janye maganata." Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Daɗin ya kai minti goma.

Da na raka shi wajen mota ya ce akwai wata mata mai maƙoƙo da ta daɗe tana jira, ta ƙi yarda kowa ya yi mata aiki sai shi. Alhamis da safe zai yi mata. Asibitinsa ne, babu mai hana shi. Na rufe masa ƙofa na ce, "Allah ya ba da sa'a." Abin da bakina ya faɗa ke nan.

Maƙoƙo a wuya yake. Ko ni da ban yi nisa a boko ba na san abin da ke kwance a wuyan mutum.

Lahadi na ce wa kaina ai dama ce ke yanka. Litinin, ranar da ake barin kadi su buga, na kasa ɗaukar sanda, na zauna a rumfa ina cewa mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin nan ido ma ya ishe shi. Har na ce wataƙila jin ya dawo da gaske, dalma tura shi kawai ta yi. Mai son wanke kansa ba ya rasa ruwa.

Talata ya ce mu shiga fili mu buga rami tara, karo na farko tun ciwon. Duk inda lamba bakwai ta dace sai in miƙa masa shida in ce iska na gabanmu. A rami na biyar ƙwallonsa ta shige ƙarƙashin ƙaya, ya riga ni sunkuyawa, ya zura hagu ya jawo ta. Muna tafiya yana ba ni labarin yadda ma'aikatansa suka yi murna, sai na ga farar safar hannunsa ta yi ja a yatsan tsakiya. Ƙaya ce, tsawon rabin ashana, tana nan a tsaye. Shi kuwa yana ta magana yana kaɗa hannun.

Allah ya nuna mini amsa ƙiri-ƙiri. Ga abin da na yi da ita. Na ce, "Ranka ya daɗe, safar nan ta jiƙe, kawo in ba ka sabuwa." Na zare ta da sauri yadda ƙayar za ta biyo ta, na danne yatsan da tawul kamar gumi nake goge masa, har jinin ya tsaya. Shi yana kallon tutar rami yana tambayata nisa. Na cusa safar a aljihu na gaya masa nisan.

Laraba da safe matata za ta yi wanki, ta ciro ta.

"Malam, jinin waye wannan?"

Ita na fara gaya wa, tun daga mai taya har zuwa ƙaya. Ta saurara har na gama. Ta ninke safar ta ɗora a kan takalmina a bakin ƙofa, ta koma kan wankinta.

Na je fili na ɗauko sandar. Bayan la'asar na taka daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, tafiyar da ba ta da wani nisa, amma sau biyu ina wuce ƙofar gidan. Na same shi a baranda da Hajiya matarsa, ya ɗaura zare a hannun kujera yana gwada ƙulli irin na masu tiyata.

Ya ce, "Malam Ado, lafiya? Yau ba ranar wasa ba ce."

Na gaishe su na ce, "Hajiya, a taimake ni da faranti."

Ta kalle ni, ta kalli buhun, ta shiga ta kawo. Na tsuguna na tsaga robar da reza, na zura waya na fisgo toshiya, na kifa sandar. Dalma ta zubo a faranti tana ƙara kamar tsakuwa a kwano. Ni kaina ban san ta kai haka yawa ba. Na ajiye safar a gefe.

Na ce, "Ni na zuba. Sau huɗu. Wannan kuma jininka ne na jiya. Ƙaya ta soke ka a rami na biyar, ba ka ji ba, na ɓoye."

Ya juya hannunsa yana dubawa har ya samu wurin. Ya ɗauki sandar haka ba roba, ya miƙe, ya rufe ido ya yi lilo. Ya sake. Ya sake. Sannan ya jingina ta da bango ya zauna.

"Tun yaushe?"

"Sati biyar, ranka ya daɗe."

Hajiya ta ce, "Ado, me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba sai alheri, Hajiya."

"To madalla, ka rama."

Dakta ya ɗaga mata hannu. Ya ce mini, "Don me?"

A hanya na shirya amsa, zan ce tausayi ne. Da na ɗaga kai na kalle shi sai ta ƙi fita. Na ce don kada ya kai jakar gida in koma layi, kuma don na yi cika baki a gaban Koci.

Ya ce, "Ka san sunan matar?"

"A'a."

"Ka tambaya?"

"Ban tambaya ba."

Ya gyaɗa kai. Ya taɓa zaren da ke hannun kujera ya ce, "Tun jiya yake zame mini. Na ce gajiya ce. Na fi son abin da sandar ta gaya mini." Ya ɗauki waya a gabana ya kira wani abokin aikinsa. "Gobe kai za ka yi. A'a, ba zan taɓa ba, a gefe zan tsaya. Ni zan yi mata bayani da kaina."

Da ya ajiye ya ce, "Tashi ka je, Malam Ado, kada magariba ta same ka a hanya." Da ya cire Malam ɗin nan da na fi samun sauƙi. Da ya mare ni ma.

Dokar kulob a fili take. Kadin da ya taɓa sandar memba ba izini, kyaftin, wato shugaban 'yan wasa, zai kai shi gaban kwamiti, kuma kora ce. Na yi sati biyu ina jiran takarda, ba ta zo ba. Direban Dakta ne ya zo ya ɗauki jakar. Dakta ya gaya wa kyaftin ƙafa ce ke damunsa, bai sake taka filin ba. Na ji a bakin direban cewa an yi wa matar aiki, ta tashi lafiya. Nakan hango Dakta a masallacin Juma'a, sai in fita ta wata ƙofa.

Ga kuma abin da ya rage mini. A filin nan har gobe labarin da ake bayarwa shi ne Ado ya dawo wa likita da hannunsa. Koci da kansa yake turo mini tsofaffi da masu ciwon kafaɗa, yana ce musu ku je wurin Baba Ado. Ban sake zaman layi ba. Shekara uku ina cin wannan suna ban buɗe baki ba. Koci, in ka karanta, kai ne da gaskiya. Jijiya ce.

Aikin nan yana koya wa mutum ladabi da ƙarya a rana ɗaya, da murya ɗaya, har ya kasa raba su. Ogogin ma suna so, shi ya sa suke zaɓen wanda ya iya, kada wani ya gaya muku mu kaɗai ne. Amma oga ba a fili yake zaune ba. Abin da ka ba shi zai sa a mota ya tafi da shi, kuma ba ka san wanda ke jiransa a can ba. Yanzu in mutum ya rufe ido ya yi lilo ya tambaye ni ko ya ji, sai in ce masa hannunka ne, kai za ka gaya mini. Wasu ba sa sake nemana.

Na san dokar nan ba ta tsufa, kuma kwamiti na zama farkon wata. In sun kira ni, na san hanyar ofis.